Ranar da Teku Ta Ƙafe

Bana ma gulbi ya ja baya da wuri. Tun zafi bai kankama ba yashi ya fito a tsakiyar ruwa, shanun Fulani suna kwanciya a inda wata uku baya jirage ke wucewa da buhunan albasa. Shekaranjiya da hantsi ina zaune ina gyaran kifi, sai na ga maigidana, Baban Rabi, zai fita da ƴar sanda a hammata, yana jan ƙafa saboda ciwon gwiwa. Na san inda za shi. Zai je bakin ruwa ya kafa ta daidai inda ruwa ya tsaya, gobe ya koma ya duba ko ya ƙaru ko ya ragu. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, masuntan Gaya ba su da wani ma'auni da ya wuce wannan.

"Malam, in ka iske teku ta ƙahe, ka gaishe min da ita," na ce masa.

Ko juyowa bai yi ba. Wajen shekara arba'in ke nan ina yi masa wannan tsiya, har ya gaji ya bar ramawa. Ni kuwa ba ni da niyyar bari, don a gabana aka yi abin.

Shekarar da nake faɗa, damina biyu a jere ta yaudare mu. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Gulbi ya tsuke har akwai wuraren da mutum zai naɗe wando ya taka zuwa ƙetare. Kifi ya taru a ƴan kududdufai, aka kwashe shi cikin mako biyu, daga nan shiru. Mu goma sha tara ne a gidan, tukunya ɗaya, sau ɗaya a yini. Da safe mu mata mu tafi cikin giginya neman muruci, da rana a dafa tafasa a barbaɗa dusa a kai, bayan magariba a dama ɗan abin da ya samu. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta sai da takalmi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara sun bar wasa. Rabi tana da shekara uku, sai ta zauna jikin bango tana kallon mutum, ba ta ko kuka.

Abu ɗaya ya rage mana mai daraja, jirgin da marigayi surukina ya bar wa Baban Rabi. Dogo ne, yana ɗaukar mutum goma sha biyu da kayansu. Yana kwance a kan yashi nesa da ruwa, kowace safiya Baban Rabi ya ɗebo ruwa a bokiti ya yayyafa masa don kada katako ya tsattsage. Masunci da jirgi shi ne mai gida. In babu jirgi, ɗan ƙwadago ne har ya mutu, ƴaƴansa ma haka.

Sai wani ɗan kasuwa daga Malanbil, can ƙetaren gulbi, ya zo ya ce zai ba da buhu takwas na dawa a ba shi jirgin. Baffa Garba, ƙanen surukina, shi ne babba a gidan, ya tara mu a tsakar gida. Ba mugun mutum ba ne, shi ma haƙarƙarinsa duk sun fito.

"Katako ba shi shiga tukunya," ya ce. "Ku dubi yaran ga."

Sai Inna, uwar Baban Rabi, ta gyara zama.

"Garba, ka ba yaron ga zuwa sallah. Shi tahi shi nemo. In sallah ta yi bai taho da abinci ba, ni da hannuna za ni kwance igiyar jirgin."

A lokacin saura wata ɗaya da ƴan kwanaki a ga watan azumi. Wata biyu ke nan da ɗoriya. Idi, ɗan maƙwabtanmu, yana tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa Kwatano, shi ya ba mu labarin wani ƙauye a bakin teku inda ba a tambayar mutum ɗan wane ne, muddin zai iya jan igiya. Muka bar Rabi wurin Inna. Baban Rabi ya ɗauki birginsa, wato komar da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa, ni na ɗauki tukunya da tabarma, muka hau saman fatun da Idi ya yi lodi.

Kwana uku muna hanya. Bayan mun wuce Paraku na fara ganin ɗanyar ciyawa a gefen hanya, akuya tana ci tana barin saura. Na rufe fuska da gyale na yi kuka, ban san dalili ba.

Ƙauyen ɗan siririn yashi ne, teku a gaba, tabki a baya, itatuwan kwakwa a tsakani. Bukkoki na ganyen kwakwa, babu mota, babu kasuwar kullum. In ka cire rurin teku, sai ka ji kaza tana tono daga ƙarshen gari. Amma bakin da ake yi a wurin ya kai biyar. Akwai Popo, su ne masu ƙasa. Akwai mutanen Gana masu manyan jirage da taru, akwai na Togo, akwai ƴan Yarbawa biyu da suka kewaye wani fili da kara suna salla a ciki. Kowa da abin da yake bauta wa, kowa da abin da ba ya ci, kuma ban taɓa jin an ɗaga murya a kan haka ba. Wata mai dafa gishiri, Mama Afi, ta ba mu bukkar ɗanta da ya tafi birni. Ta taɓa kai gishiri kasuwar Malanbil shekaru, saboda haka tana jin Hausar ciniki. Ba ta taɓa riƙe sunana ba, Gaya take ce mini.

Washegari da hantsi Baban Rabi ya yi abin da kowane masunci na ƙwarai zai yi in ya sauka baƙon ruwa. Ya sassaƙa sanda ya kafa daidai inda kumfar teku ke tsayawa. Da azahar ya koma dubawa. Na hango shi yana dawowa, tafiyarsa kawai ta sa gabana ya faɗi.

"Dije, ya biyo mu."

"Mi ya biyo mu?"

"Farin da ya ƙahe gulbi. Teku na ƙahewa. Taki goma ta ja tun hantsi. Gulbi bai yin haka ko cikin wata guda."

Kada in yi ƙarya, ni ma na yarda. Na je na gani da idona, ga sanda can a busasshen wuri, ga ruwa can ƙasa. Mutanen da suka ga gulbi ya mutu a gabansu, me zai hana su yarda? Ya ce bari ya kama abin da ya samu tun da sauran ruwa. Ya wurga birgi sau uku, igiyar ruwa ta kusa kayar da shi, ya samu ƴan ƙananan kifi biyar. Sai ya shanya birgin a kan yashi daf da ruwa, yadda ake yi a gida, ya ce haƙƙi ne a kansa ya faɗa wa mutanen gari su yi tanadi.

Muka ja Mama Afi ta yi mana tafinta wurin Kwesi, mutumin Gana da ke shugabantar taru. Suna zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Baban Rabi ya durƙusa ya gaishe su, ya yi bayani tiryan-tiryan, har da lissafin cewa in aka ci gaba haka, kafin wata guda jiragensu za su kwanta a yashi kamar nasa. Mama Afi ta fara juya maganar, ta kai rabi, dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a ƙasa. Da ta samu ta ƙarasa, wani tsoho ya faɗo daga kan kututture. Sai can ta tsaya cak, ta dube mu.

"Ina koma naka?"

Muka zuba a guje. Ruwa ya dawo, ya shafe sawunmu, yana hawa wajen sandar. Birgi kuwa ko zare ɗaya ba mu gani ba. A nan Mama Afi ta gaya mana teku tana tafiya ta dawo sau biyu kowace rana, tun da aka halicce ta. Wata huɗu Baban Rabi ya yi yana saƙa wannan birgin, kuma shi kaɗai ne kayan aikinsa. Ranar bai ci abinci ba. Kafin gari ya waye har an sa masa suna da bakinsu, wai Mai Busar da Teku.

Ba abin da ya rage sai igiya. Da sassafe jirgi ya fita ya zagaya da taru, ya kawo bakin igiya biyu gaɓa. Maza su jeru su yi ta ja da baya suna waƙa, taki ɗaya, taki ɗaya, wanda ya kai ƙarshe ya koma gaba. Tun hantsi har rana ta karkata. Tafin hannun Baban Rabi ya sale, gishiri ya shiga, da yamma in shafa masa man kaɗanya yana cije baki. In taru ya fito a raba, kowa da ɗan kwanonsa. Ni kuma ina ɗaukar wa Mama Afi ruwan gishiri a ka daga rami zuwa murhu. Mun ƙoshi, karo na farko cikin shekara, kuma kowace loma sai na tuna Rabi jikin bango. Amma rabon mai jan igiya na baki biyu ne. Wata guda ya wuce, abin da muka tara bai cika rabin buhu ba.

Aka ga wata, azumi ya kama, ruwan sama ya sauko tare da shi. Ban taɓa ganin irinsa ba. A kwana ana yi, a yini ana yi, tufafi ba su bushewa, gishiri yana narkewa a kwando. Ka ji ƙishi ya kama maƙogwaro, ruwa yana zuba a kan fuskarka, kai kuwa ka damƙe leɓe. In na tuna a gida mutane suna duban sama babu ko ɗigo, sai in ji haushin ruwan. Mama Afi ta kasa gane yadda mutum zai yini a tsakiyar ruwa bai sha ba. Duk da haka, rana tana faɗuwa za ta zo da ɗanyar kwakwa biyu a fashe ta ajiye a bakin ƙofa.

"Gaya, rana ya tafi. Sha."

A kwana na takwas teku ta haukace. Igiyar ruwa ta fi bukka tsawo, jirage duk aka ja su tudu. Babu taru, babu rabo. Saura kwana ashirin da biyu sallah, na fara lissafin yadda za mu shiga gida hannu biyu.

Ashe Baban Rabi bai bar halinsa ba. Kunya ce ta sa ya mai da sandarsa bayan gari, bakin tabki, inda ba mai ganinsa. Tabkin yana da ƴar ƙofa zuwa teku, saboda haka shi ma yana hawa yana sauka. Kullum sai ya yi wa sandar tsaga a inda ruwa ya sauka ya tsaya. Rannan da la'asar ya ce in zo in gani. Tsaga uku, kowace ta fi ta jiya tudu. Ruwan kuma ya yi ja-ja.

"Wanga ba aikin teku ba ne," ya ce. "Daga tudu shi ka tahowa."

Yana so ya ɗanɗana, ga azumi a bakinsa. Muka zauna a kan ciyawa, sauro yana cin mu, muna jiran rana. Da muka ji ɗaya daga cikin Yarbawan nan ya kira salla, Baban Rabi bai nemi kwakwar Mama Afi ba. Ya yi bisimilla ya kamfaci ruwan tabki ya buɗe baki da shi. Ya juya shi a baki, ya haɗiye, ya dube ni.

"Babu gishiri. Sabon ruwa ne, Dije."

Duk ɗan Gaya ya san abin da ke bin sabon ruwa. Tarwaɗa ce, tana hawowa cikin ciyawa ta yi ƙwai. A ƙauyen kuwa ba mai taɓa ta. Popo na wurin sun ce kakanninsu sun hana su cinta, mutanen Gana kuma sun ce kifin taɓo ba aikin namijin teku ba ne. Ba mu yi gaban kanmu ba, muka je wurin dattijon masu ƙasa. Ya ce hanin bai hau kan baƙo ba, sai dai sharaɗi biyu: kada mu kusanci mashigin da suke kai sadakarsu, kuma kada tarwaɗa ta hau murhun kowace mace a garin.

Ba birgi, amma akwai gura. Tarko ne kamar kwando mai baki a ciki, kifi ya shiga ba ya fita. Baban Rabi ya zauna da tsinkayen ganyen kwakwa ya fara saƙa. Mazan gari ba su da aikin yi, suka zo kallon Mai Busar da Teku, da niyyar dariya. Kwana ɗaya suna kallo, na biyu Kwesi da kansa ya ɗauko adda yana fere masa tsinke. Kafin kwana uku an yi gura goma sha huɗu. Ni kuma na kwaɓa laka na gina murhun banda irin namu can gefe.

Safiyar da aka je ɗagawa ba zan manta ta ba. Baban Rabi ya shiga ruwa iya ƙirji, ya kama gurar farko, ta ƙi tasowa. Na ce ko ta maƙale. Ya kira Kwesi, suka ɗaga su biyu, sai ga ta baƙi ƙirin da tarwaɗa, suna bugun juna, ruwa yana tsiyaya. Mutanen da ke gaɓa suka ɗauki ihu. Ni guɗa na rangaɗa, da azumina da komai, har muryata ta dushe.

Murna ba ta daɗe ba, don itace duk a jiƙe yake. Na hura, na hura, hayaƙi ya cika mini ido, wuta ta ƙi. Tarwaɗa kuwa ba ta jira, zuwa la'asar ta fara canza wari. Ina durƙushe ina hawaye sai na ji wani abu ya faɗo kusa da ni. Busasshen ɓawon kwakwa ne. Mama Afi ce tsaye can nesa da kwando, ta kawar da kai don kada ta ga kifin, tana jefo mini ɗaya bayan ɗaya. Ajiyarta ce ta dafa gishiri, ta dukan damina. Ta kira sauran mata, kowace ta kawo nata, suka tsaya a layi suna jifa. Wuta ta kama, hayaƙi mai ƙamshi ya tashi. Na lanƙwasa kowace tarwaɗa na soke wutsiya a baki yadda uwata ta koya mini, na jera.

Duk kwana biyar matan ƙauyukan tudu suna zuwa da jirage, su kawo masara da garin rogo su musanya da kifi da gishiri. Teku ba ta ba da komai ba, su kuma ba abin da suke so kamar tarwaɗa. Kasuwa uku muka ci. Muka cika wa Mama Afi da masu feren tsinke kwanukansu da masara, muka ɗinke buhu tara, ga kwando biyu na banda. Ranar tafiya Kwesi ya rataya wa Baban Rabi naɗin igiyar teku a kafaɗa, ya ce a ɗaure jirgi da ita, kuma don Allah a bar musu tekunsu da ruwa.

Idi ya zo saura kwana huɗu sallah, lissafi ya yi daidai. Sai ƙarfen ƙafar kamiyo ya karye kafin Kandi. Yau da ɗan jikana zai danna waya daga Kwatano a ji shi a tsakar gida, abin kamar wasa ne. A lokacin ba yadda za ka aika ko kalma ɗaya. A gefen hanya muka yi sallar idi, mu da wasu Fulani. Baban Rabi ya zauna a kan buhunan nan tara yana duban hanya.

Kwana biyu bayan sallah muka ƙetare gada. Tun kamiyo bai gama tsayawa a duwan, wato wurin ƴan kwastan, ba Baban Rabi ya dira, na bi shi. Muka isa inda jirgi yake kwanciya, babu jirgi. Sai turke, da doguwar shaidar ja a kan yashi. Ya zauna a kan yashi. Ni na bi shaidar da ido har gangare, inda jan ruwan farkon damina ya fara tahowa. Can na hango shi, hancinsa a ruwa, an kafa tabarma a tsakiya don inuwa. Inna ce zaune a ciki da carbinta, Rabi a cinyarta.

Ashe tun ranar sallah ta kwashe shimfiɗarta ta koma cikin jirgin. Ɗan kasuwa ya zo da mutanensa, Baffa Garba ya tuna mata alkawari.

"Na ce da hannuna za ni kwance," in ji ta. "Hannun ga kuwa ciwo shi kai tun jajibiri."

Suka cire igiyar daga turke da kansu, suka ja jirgin da ita a ciki har bakin ruwa, wai ko ta ji tsoro ta sauka. Ta yi musu godiya, ta ce dama ta daɗe ba ta sha iska ba. Ɗan kasuwa ya ce shi jirgi ya yi ciniki, ban da tsohuwa, ya ba su zuwa Juma'a.

Rabi ta sauko ta tako wurina a hankali, ta kama zanena. Na ɗaga ta, ba nauyi ko kaɗan, na tura mata tsokar banda a baki. Baffa Garba ya iso, aka sauke buhuna a gabansa. Ya kwance ɗaya, ya nutsa hannu cikin masara har gwiwar hannu, ya daɗe a haka, hawaye yana bin gemunsa. Inna kuwa ta miƙa hannun nan mai ciwo, ta karɓi igiyar Kwesi, ta ɗaure jirgin da kanta, ƙulli uku.

Jirgin ya yi mana shekara goma sha bakwai bayan haka, shi ya haifi biyun da ƴaƴanmu ke aiki da su yanzu, masu inji. Da ya gaji, aka cire katakonsa ɗaya aka yi benci. A kansa nake gyaran kifi.

Jiya Baban Rabi ya dawo daga duba sandarsa, ya zauna a ɗaya gefen bencin yana haki.

"Yaya ruwa, Malam?"

"Ya ja yatsa ukku."

"To, ko mu tahi mu gaya ma mutane su yi tanadi?"

Na ɗauka zai yi shiru yadda ya saba. Sai ya jingine sandar, ya shafa katakon da tafin hannunsa.

"Bar shi ya tahi, Dije. Na ga wadda ta hi shi girma ta tahi, kuma kahin magariba ta dawo."